Muciyar Tsoho Tsuruta

Litinin, 14 ga Nuwamba

Tsoho Tsuruta ya liƙa takarda a ƙofar shago. Ranar ƙarshe ta shekara za a rufe, ba kuma za a sake buɗewa ba. Bai gaya mini ba. Dawowa na yi daga talla na gan ta, na tsaya riƙe da keke ina haɗa baƙaƙen. Yana ciki yana goge wuƙa, ya gan ni sarai, amma ko kai bai ɗaga ba.

Na shiga na ce, "Oyakata, na ga takarda." Ya ce, "Mm." Shekara goma sha shida ina aiki a shagon awarar nan, ina kiransa ubangida da yarensu na Japananci, abin da na samu ke nan, mm. Matarsa Sumie ta miƙo mini shayi da hannu biyu tana kallon ƙasa. Ta ce hannunsa ne ya fara rawa, likita ya ce ya huta.

Na sha shayin. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da na hau gada.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Ba rufewar ce ta fi ci mini rai ba. Mutumin nan ba shi da ɗa, ba shi da jika, ba shi da wani mai aiki sai ni. Ni ke jiƙa wake, ni ke markaɗe, ni ke tacewa, ni ke suya, ni ke talla. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, wato zuba ruwan ɗaci mai daskarar da madarar wake a juya da muciya, inda awara take zama awara. Wannan nasa ne shi kaɗai. Ko da wasa bai taɓa cewa, Bari-san, zo ki gwada ba. Ya gwammace ya rufe shagon ubansa a kan ya bar wa baƙuwa. To na ji. Ni ma ina da gidan uba.

Na kira ƙanwata Tabawa a Malumfashi. Ko tausaya mini ba ta yi ba, guɗa ta sa.

"Yaya Barira, dama me kike jira? Mutum ya tafi har bangon duniya ya ƙare a sayar da awara! Ga 'yar gidan Ladi nan tana sayarwa a ƙofar gida, ko fasfo ba ta da shi."

Na ce tamu daban ce. Ta ce, "Daban da me, tana da lamba?"

Asabar, 19 ga Nuwamba

'Yata Hafiza ta yanka mini tikitin komawa gida daga can Nagoya inda take aiki. Alhamis, sha biyu ga Janairu. Ta tambaye ni sau biyu, "Mama, zuwa kawai? Ba dawowa?" Da Japananci ta yi tambayar. In abu ya dame ta Hausarta guduwa take yi.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Tsohon nan ya sake yin halinsa yau. Madara ta tafasa, na tace, na juye a bahon katako, tururi na tashi, daidai lokacin da ya kamata a zuba ruwan ɗaci, sai ya ajiye muciya a bakin baho ya fice waje. Da can na ɗauka taba ce ke fitar da shi. To ya daina shan taba tun shekarar da aka yi masa aikin ido, amma fitar tana nan. Sai ya tsaya a bakin titi hannu a baya yana kallon wayoyin lantarki.

Kamar kullum na ɗauke muciyar don kada ta faɗa ciki, na ɗauraye, na rataye masa a ƙusarta, na leƙa na ce, "Oyakata, madara na hucewa!" Ya shigo yana jan takalmi, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya kamar ni na yi masa laifi.

Shekaru ke nan muna haka. In ba don ni ba, da tuni ya yi asarar madara ba adadi. Ko a bakinsa.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Ba aiki. Na zauna ina ware kaya, sai na tsinci kaina ina tuna ranar da na fara ganin shagon.

Watana na uku a garin nan na Shimotsuma ne. Mijina Sabi'u, Allah ya jiƙansa, yana can wajen da suke kwance tsofaffin motoci suna loda kayan zuwa gida, ni kuma ina ɗaki daga ni sai bango. Ban san kowa ba, ban iya ko sannu ba. Rannan da safe na fito zubar da shara, iska ta kawo mini wani ƙamshi, na tsaya cak. Madarar waken suya a kan wuta. Wallahi sai na ga Inna a tsakar gida da ɗankwalinta a zame, tana fifita murhu. Na bi ƙamshin nan lungu-lungu da silifas a ƙafa har na zo wata ƙofa mai shuɗin labule. Na ɗaga labulen na ce da ƙarfi, "Awara!" Mutumin ya dube ni, ya dubi matarsa. Sumie ta yanko ɗumi-ɗumi ta sa mini a ƙaramin kwano. Na ci a tsaye ina hawaye, su kuma suka juya baya suka ci gaba da aiki don kada na ji kunya.

Da Sabi'u ya rasu, Hafiza tana aji biyu na firamare, kowa ya ce na tattara na koma. Sumie ce ta zo har gida ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga, ta ce bayanta na ciwo, ko zan taimaka musu da wanke-wanke na ɗan lokaci. Har yau ban taɓa ganin bayan nan ya hana ta komai ba.

Juma'a, 2 ga Disamba

Sanyi ya shigo sosai. Hannuna ya fara tsagewa. A gida zai warke.

Talata, 6 ga Disamba

Talla yau ta yi tsawo, kowa sai ya tsayar da ni. Da na fara zagayen nan, in na busa ƙaho a bakin layin kasuwa, ƙofofi ne ke buɗewa ta ko'ina, mata su fito da kwanukansu. Akwai mai kifi, mai gyaran agogo, mai tabarma, mai sayar da alewa da yara ke zagayewa. Yanzu duk ƙofofin ƙarfe ne a sauke, sai kyanwa. Na busa yau na ji ƙarar ta tafi har ƙarshen layi ta dawo mini.

Tsohuwa Inomata, wadda mijinta ke da shagon kifin da, tana zaune a dakalinta da bargo a gwiwa. Tun daga nesa ta fara.

"Bari-chan! An ce gudu za ki yi. Sai da kika gama tsotse mana kuɗin fansho!"

Na ce, "Kaka, ke da kike sayen rabin awara ki ce a ƙara miki dusa kyauta?"

"Dusar ta kaji ce."

"Kajin da suka mutu tun kafin a haifi Hafiza?"

Ta yi dariya har da tari. Can ta kama hannun rigata ta ce, "To haƙorana fa? Ta kanti roba ce, ba na iya haɗiyewa. Ke da tsohon banzan nan kun haɗa baki ku kashe ni." Na ce ta je ta gaya masa, shagonsa ne. Ta dube ni wani iri, ta buɗe baki, ta fasa. Ta ce na sa mata soyayya biyu.

Alhamis, 8 ga Disamba

Sabon wake ya iso, buhu huɗu. Na ce wa tsoho biyu ma ba za mu ƙarar ba kafin ƙarshen wata, ko a mayar da sauran? Ya ce manomin ya riga ya kawo. Ruwansa.

Lahadi, 11 ga Disamba

Na je wajen Sabi'u. Jirgin ƙasa, bas, sannan hawan tudu da ƙafa, gwiwata tana ƙara. Maƙabartar Musulmi ta cika fiye da yadda na bar ta bara, sunaye daga ƙasashe iri-iri. Na cire ciyawa, na yi masa addu'a, na gaya masa zan koma gida. Shi ne kullum mai cewa shekara biyu kawai za mu yi, Barira, mu tara mu koma. Ga shi shi ya zauna, ni ce mai tafiya.

Ban san wa zai riƙa cire ciyawar ba. Hafiza ta ce za ta zo. Na san aikinta.

Talata, 13 ga Disamba

Da asuba na shiga ɗakin ajiya yin salla, na tarar an fito da ɗan hita na ɗumama ɗaki an kunna, an karkata shi wajen da nake shimfiɗa darduma. Duk shekara haka tsoho yake yi in sanyi ya kama. Bai taɓa cewa shi ne ba, ban taɓa cewa na gode ba. A shekarata ta farko ma shi ya janye buhuna ya share mini wurin, bayan ya gan ni ina salla a kan kwali kusa da magudanar ruwa.

Shi ya sa abin yake mini ciwo. Da mugu ne da na huta.

Alhamis, 15 ga Disamba

Na yi mafarkin Inna. Ba wani abu, tana tace gasara kawai.

Ina 'yar shekara tara ko goma na taɓa miƙa hannu zan zuba mata ruwan tsami a madara, tana can tana sallamar mai saye. Ban san sanda ta juyo ba, sai jin ludayi na yi a bayan hannuna. Ta ce, "Wa ya aike ki? Babba na aiki, yaro ba ya sa hannu sai an ce masa sa." Ban sake ba. Sai da na kai sha huɗu ta kira ni da bakinta ta ce, "Barira, zo ki zuba." Ranar har maƙwabta sai da na gaya wa.

Awarar Inna tauri gare ta, a soya da man gyaɗa, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda. Ta nan laushi, ana ci da cokali. Na daɗe ina cewa ta Inna ta fi. Yanzu in an tsare ni da rantsuwa ban san me zan ce ba.

Talata, 20 ga Disamba

Tabawa ta kira. An yi wa ɗakina fenti, an sa fanka. Na ce ina fatan wanda ke kallon tsamiya ne. Ta ce, "Wace tsamiya? Yaya, ai an sare ta tun bara waccan, ɗana Nasiru ya yi shaguna a wurin. Ban gaya miki ba?" Na tambayi murhun Inna, ta ce an yi siminti. Na tambayi Ladi, ta ce Ladi ai ta rasu, jikarta ce mai awarar.

Ta ce, "Ke dai ki taho ki huta. Ba abin da za ki taɓa, sai dai a kawo miki."

Na ce to. Da na ajiye wayar na duba hannuwana. Ban san yadda ake zama a kawo wa mutum ba.

Na sa takalman robana na aiki a ƙasan babban akwati. Ban san me zan yi da su a Malumfashi ba, amma ba zan bar su ba.

Juma'a, 23 ga Disamba

Yajin da ya rage mini na juye wa tsoho a kwalba. Ranar da ya fara ɗanɗanawa, shekarun baya, ya yi tari har Sumie ta ruga ɗebo ruwa, ya ce wannan ba abinci ba ne, makami ne. Bayan sati na kama shi yana barbaɗawa a soyayyar awara a bayan tukunya. Tun daga nan in kwalbar ta ƙare sai na tarar da ita a wanke a kan teburina.

Yau ya karɓa ya juya ta a hannu ya ce, "Ba zai kai bazara ba." Na ce sai ya riƙa tsimi.

Talata, 27 ga Disamba

Sai na rubuta wannan kafin na kwanta.

Yau aka yi babbar sharar ƙarshen shekara. Tsoho ya tafi asibiti karɓar magani, ni da Sumie muka goge bango da tagogi. Da muka gama muka zauna muna ɓare lemo. Ta yi ta juya ɓawo a hannu, can ta ce, "Bari-san, ki yi haƙuri da rashin kunyata. Tunda tafiya za ki yi, ina so na sani don raina ya kwanta. Me ya sa kika ƙi?"

Na ce, "Na ƙi me?"

"Muciyar."

Na ce ban gane ba. Ta ajiye lemon.

"Tun shekarar da Hafiza ta shiga sakandare yake ajiye miki ita. Kullum. Ya juya mariƙin wajenki ya fita. Kullum ki wanke ki mayar masa a ƙusa. Ya ce ai kin ba shi amsa, kuma cikin ladabi, bai kamata a matsa miki ba. Ya ce zuciyarki na gida, wa zai ɗaure 'yar mutane da tukunya a ƙasar da ba tata ba."

Na kira ta uwargida da yarensu na ce, "Okami-san, mantuwa fa na ɗauka yake yi! Me ya hana shi ya buɗe baki ya ce zo ki zuba?"

Ta zaro ido kamar na ce ya fita tsirara. "Ya ce? Ai ba a cewa. In ya ce, ya ɗora miki nauyi, ba ki da halin ƙi. Shi ma babansa bai ce masa ba. Ajiyewa ya yi ya fita, ya dawo ya tarar an zuba. Sana'a ba a ba mutum, da ido yake ɗauka, ranar da ya isa ya miƙa hannu."

Na ce, "A garinmu wanda ya miƙa hannu ba a ce masa ba, ludayi yake sha!"

Ta ce, "Ludayi?"

Na nuna mata bayan hannuna, na ba ta labarin Inna. Ta rufe baki da tafi. Ban san wadda ta fara ba, sai ga mu muna dariya, dariyar ta juye kuka, tsofaffi biyu da ɓawon lemo a cinya. Ta ce, "Ni ma na so na tambaye ki tuntuni, ya ce in na yi magana zai koma kwana a shago." Ta ce duk layin nan sun sani, har Inomata.

Duk layi. Ni kaɗai ce jaka.

Laraba, 28 ga Disamba

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Nasa, da ya tsaya yana kallon wayoyin lantarki shekara da shekaru bai iya furta kalma uku ba. Nawa, da na gane hita, na gane kwalbar yaji, na gane ciwon bayan ƙarya, amma wannan ɗaya ta wuce ni.

Yau ma ya ajiye muciyar. Na duba da kyau, mariƙin yana kallona, har ya ɗan turo shi gefena. Kofin ruwan ɗaci ma a aune yake, a dama da ni, ba a damarsa ba. Na tsaya ina kallo. Hannuna ya ƙi tashi, wallahi kamar Inna na tsaye a bayana. Madara ta fara yin fata a sama. Na leƙa na kira shi.

Sai dai ban rataye ta a ƙusa ba. Ya shigo ya gan ta inda ya bar ta, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗauka.

Alhamis, 29 ga Disamba

Yau ma na kasa. Me amfaninsa ma yanzu, tikiti na cikin jaka.

Juma'a, 30 ga Disamba

Suya tun safe har la'asar, kowa na sayen ta sabuwar shekara. Mutanen da suka bar unguwa da daɗewa sun zo da mota don su yi sallama. Tsoho yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri kamar shi ya yi musu laifi. Na ga hannunsa wajen zuba ruwan ɗaci, rabi ya zube a gefen baho. Ya goge da sauri, na yi kamar ban gani ba.

Saura gobe.

Asabar, 31 ga Disamba

Na ɗauka.

Ya ajiye muciya ya fita kamar kullum. Na ce bismillah, na ce Inna ki yafe mini, na kama. Ta fi yadda nake zato nauyi in tana cikin madara, mariƙin kuma ya lotsa daidai inda yatsunsa ke zama, nawa suka shige wurin. Na juya kamar yadda na gani sau ba adadi, madara ta ɗauki gudu tana zagaye, na zuba ruwan ɗaci a kan muciyar, na tsayar da ita cak a tsakiya har guduwar ta mutu, na zare ta a miƙe. Na rufe baho.

Ban kira shi ba. Ya daɗe a waje, cikin sanyin nan, ba ko hula. Ina hango ƙeyarsa ta gilashi. Sumie ta leƙo daga cikin gida, ta ga muciya a hannuna, ta koma da baya ta ja ƙofa a hankali.

Da ya shigo bai dube ni ba. Ya buɗe baho, ya sa cokali ya yanko, ya duba yankan, ya kai baki. Ya daɗe yana taunar abin da ba ya buƙatar tauna.

Ya ce, "Kin yi saurin tsayarwa. Gobe ki ƙara juyi ɗaya."

Daga bayan ƙofa Sumie ta ce, "Tsoho, gobe sabuwar shekara ce. Ka rufe shago."

Ya ce, "Mm." Ya juya yana neman wani abu a kan kanta, ya daɗe yana nema, ba kuwa komai a wurin.

Bai zubar da awarar ba. Ita aka sayar yau, har ta ƙare. Inomata ta aiko a gaya mana ta yau ta yi laushi da yawa, wa ya yi? Tsoho ya ce a ce mata in ba ta so ta dawo da ita.

Da azahar ya sauke shuɗin labulen da kansa. Na sunkuya, ya sunkuya, na ce na gode da ɗawainiyar shekaru, ya ce shi ne da godiya.

Litinin, 2 ga Janairu

Hafiza ta zo hutu. Na ba ta labari, ta yi ta dariya har ta kwanta a tabarma. Ta ce, "Mama, ku biyun nan Allah ne ya haɗa ku." Can ta ce tikiti ana iya ɗaga shi. Na ce wa ya tambaye ta.

Farkawa nake yi kafin asuba har yanzu, in zauna ba abin yi.

Juma'a, 6 ga Janairu

Na je shago kwaso 'yan kayana. Ba kowa, Sumie ta bar mini ƙofar baya a buɗe. Tukwane a kife, ƙasa a bushe, ban taɓa ganin ƙasan nan a bushe ba. Ƙamshin dai yana nan a jikin katako.

Na shiga ɗakin ajiya ɗaukar darduma. A kan buhunan waken da suka rage, daidai inda nake salla, ga labulen a ninke, ga makullin shago a kai. Hita a kunne.

Na zauna a kan buhu na daɗe. Na naɗe dardumata, na sake shimfiɗa ta. Makullin yana aljihuna yanzu. Ban ce na karɓa ba, kawai dai ban ga ƙusar da zan rataye shi ba.

Litinin, 9 ga Janairu

Tabawa ta ce Nasiru zai zo taryata a Kano da mota, an sayi kaji. Ta ce, "Yaya, muryarki wani iri." Na ce mura ce.

Ina son ganinsu, Allah ya sani. Ina so na ji ana kiran salla daga masallaci ba daga waya ba. Ina so na yi ciniki da Hausa har a zage ni. Duk gaskiya ne.

Laraba, 11 ga Janairu

Akwatuna na bakin ƙofa. Bas ɗin filin jirgi da sassafe yake tashi.

Da hantsi na ce bari na je na ɗan share shagon, kada a bar wa tsofaffi ƙura. Na share. Na ga an cire takardar ƙofa, sai alamar gam. Na buɗe buhu ɗaya don na duba ko ƙwari sun shiga, ba su shiga ba, wake ne mai kyau, fari tas, zunubi ne a bar shi. Na auna kaɗan na wanke na zuba masa ruwa. Ba da wata niyya ba.

Ina cikin haka na ji jan takalmi a bayana. Ya leƙa bokitin, ya sa yatsa.

"Bari-san, ruwan ya yi kaɗan. Sabon wake ne."

Na ce, "Oyakata, sabon wake ai bai kai tsoho shan ruwa ba."

Ya dube ni, yau kam a ido. Ya ce, "Mm." Ya fita ya tsaya a bakin titi hannu a baya.

Waken da aka jiƙa yau dole a markaɗa shi gobe da asuba, in ba haka ba tsami zai yi. Na aika wa Hafiza saƙo a kan ɗaga tikitin, tambaya kawai na yi, ban ce ta yi komai ba. Kiran Tabawa kuwa sai na yi salla tukuna.

Takalman robar suna can ƙasan babban akwati. Sai da na kwashe komai kafin na kai gare su.